Fuskar da Na Goge a Kalgo

Ni da kuke gani ina tallar igiya a kasuwar Gwandu, a da ɗan koli ne. A Dalijan aka haife ni, gidan manoma, gidan da ba a taɓa kiran kowa gaban alƙali ba sai a kaina. Noman ne ba na so. Na ɗauki faifaina na kwalli da allura da turare na shiga bin kasuwanni. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, ku dai samari ku matso ku ji abin da ni kaina har yau ban gama gane kansa ba.

Da kaɗan ɓarnar ta fara. Kwalli na soma haɗawa da garin gawayi, ba wanda ya gane, na ce ashe haka duniyar take da sauƙi. Lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa ba, ƙananan madubai sun fara yawa har talaka na iya saye. Madubin nan shi ya buɗe mini ƙofa. Mutum ne agana ta bar wa zanzana tun yana yaro, yana zaman lafiya da fuskarsa, sai ya leƙa madubina ya ɓata rai. Ni kuwa in ce ina da man da ke cike ramukan. Man kaɗe ne da jar ƙasa, wallahi ba komai a ciki. Kafin ya farga na bar garin.

Daga nan na sayi zabirar wani wanzami da ya rasu a Malisa, da asake da ƙaho a ciki, na rataya. Wanzanci gado ne, ni kuwa ko kan jariri ban taɓa askewa ba. To amma wa ke tsayar da mai zabira ya tambaye shi ubansa?

A shekarun nan an hana cinikin bayi. Da yawa sun bar gonakin iyayen gijinsu suna neman inda za su zauna kamar kowa, sai dai fuska ba ta bari. Tsagar da aka yi wa mutum ran suna ita ke faɗin asalinsa. Da an dube ka an san ba ɗan ƙasar nan ba ne, an kuma san yadda aka yi ka zo. Sai na fara raɗa wa mutane cewa ina goge tsaga, alhali ban taɓa gwadawa ba.

A Kalgo Hajo ta same ni ranar kasuwa, ta ja mayafi ta rufe kumatu, tana jaye da akuya. Mahara suka ɗauko ta daga can kudu tana ƙarama. Ba ta san sunan garinsu ba, Hajon ma a gidan bauta aka sa mata. Da kaɗin zare ta fanshi kanta.

"Kai ne mai goge tsaga?"

Na ce ni ne.

"Na gaji da a dube ni a ce baiwa. Ga abin da na mallaka duniya, karɓi."

Na kai ta bayan rumfar masu tukwane. Na karce kumatun da aska, na shafa nonon tinya da toka da kanwa. Tinya kuwa ko a hannu ta ɗiga sai ta tayar da fata. A raina na ce in tsohuwar fata ta saɓule, sabuwa za ta fito sumul kamar ta maciji, kuma har ga Allah rabin zuciyata ta yarda da hakan. To mayaudari ne ni ran nan ko wawa? Oho. Ta cije mayafinta, ba ta yi kuka ba. Na ce ta ɗaure fuskar, kar ta buɗe sai an ga wata, na ja akuya na kama hanyar Gwandu.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dogarai suka tsince ni a kasuwa suka mayar da ni Kalgo a ɗaure. Ashe fuskar ruɓewa ta yi. Sarkin askan garin, wato babban wanzaminsu, shi ya yi jinyarta har ta tashi, shi kuma ya kai ƙarata. Hajo ta yaye mayafi a gaban alƙali. Daga kunne zuwa haɓa tabo ɗaya ne, kamar ƙunar wuta.

Na zaci shari'ar rauni da akuya za a yi. Sai na ga wata tsohuwa makauniya zaune kusa da Hajo, riƙe da sanda. Tun da ta ji an ce bayi sun sami kansu take bin gari gari, tana laluben fuskar duk 'yantacciyar da ta kai shekarun ɗiyarta da aka sace. Tsagar garinsu iri ɗaya ce ga kowa. Amma ran da aka yi wa ɗiyarta, jaririyar ta motsa, aska ta goce, ta bar wani ɗan karkataccen zane kusa da kunne. Shi yatsunta ke nema. An ce mata akwai mai tsagar kudu a Kalgo, ta iso bayan na gama aikina, ta shafa ba ta ji komai ba sai tabo.

Hajo ta ce tana jin kamar tana da zanen. Tsohuwa ta ce, "Duk wadda na faɗa wa haka take cewa. Maraici ne, ban ga laifinku ba." Mutanen gari kuwa kullum cikin mayafi suka san Hajo.

Alƙali ya dube ni. "Kai ne na ƙarshe da ya ga fuskar nan, da rana tsaka, hancinka kusa da nata. Akwai zanen ko babu?"

Kaina ya ɗaure. Na ce tsagar uku uku ce. Na ce a'a, kamar huɗu. Na ce a dakata in tuna. Na rufe ido, na ga hannuna, na ga aska, na ga jini, fuskar kuwa fayau, babu ita.

Sarkin aska ya daka mini tsawa. "Wanzamin ƙwarai sai ya karance fuska kamin ya taɓa ta. Kai mi kaka kallo?"

 Amsar tana raina: ran nan akuya nake kallo.

Aka kai ni gidan yari a Birnin Kabi, da mari a ƙafa, muna jidar ƙasa ana gyaran hanya. Bulala da ƙwarƙwata ba su dame ni ba kamar tambayar nan. Yau in ga zanen a dama, gobe ya koma hagu, jibi in ce ai daga bakin tsohuwa na ƙirƙiro shi. Har fursunoni suka ɗauka taɓin hankali gare ni, don sai in tsaya da kwando a kai ina shafa kumatuna.

Da aka sake ni na nemi inda suke. A Wurogauri na same su, gida ɗaya. Hajo na kaɗi, tsohuwa na zaune a inuwa. Hajo na ce mata Inna, ita kuwa tana ce mata ɗiyar mutane. Na durƙusa na nemi gafara. Hajo ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ban da abin da zan ce maka."

Tsohuwa ta gane muryata. "Mai aska, ka tuna?"

Na ga hannun Hajo ya tsaya cak a kan mazari. Na ce a raina, ƙarya nawa na yi don cikina, bari in yi guda don su. Na ce, "Na tuna, Inna. Akwai shi."

"Wane gefe?"

Wayyo ni! Na ce hagu.

 Tsohuwa ta ce, "Tashi ka tafi, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na dace ne, ko ta kama ni? Ban sani ba. An ce Hajo ce ta yi jinyarta har ta cika, amma ban sami wanda ya faɗa mini sunan da tsohuwar ta kira Hajo da shi a ƙarshe ba.

Na tuba, na jefa zabirar nan a gulbi, kullum ina roƙon Allah gafara. Ku samari, kar ku raina cuta don tana ƙarama, ni da garin gawayi na fara. Abin da ba ku koya ba, kar ku ɗora shi a jikin ɗan Adam. In kuma mutum ya zo muku da buƙata, ku dube shi tukuna kafin ku dubi abin da ya riƙo. Ni dai ku tambaye ni akuyar nan ko yanzu in faɗa muku: ja ce, da farin goshi, kunnenta na dama a tsage.