Rigimar makaɗa ta sasanta Dakta da Injiniya

Muna shiga laburaren unguwarmu a Small Heath, ƙarar jita da ganguna ta cika mana kunne. Council, wato ƙaramar hukuma, na shirin rufe wurin, shi ya sa muka je cike kujeru ranar da ake nuna fim, ko sunansa ba mu tambaya ba. Ashe labarin gaskiya ne na wasu makaɗan heavy metal da rigima ke neman rabawa.

Na zauna tsakanin Dakta Sani da Injiniya Bala, dattawan ƙungiyarmu, waɗanda ba sa magana tun zaɓen shugaba. Taronmu ma ya tsaya.

Da mai ganga ya yar da sanduna ya fice, Injiniya ya kasa haƙuri.

"Wallahi yaron nan yana da gaskiya! Shi ke wahala, wani ke shan tafi."

Dakta ya leƙo ta gabana. "Ai ba ya zuwa practice. Kamar wani da na sani."

"To an gayyace shi ne?"

Dakta ya dube shi. "Gobe bayan la'asar, gidana. Akwai waina."

Dariya ta ƙwace musu, har wata Baturiya ta juyo ta harare mu.

Makaɗan dai sun watse. Namu mota ɗaya suka shiga. Ku fa, me ya taɓa sasanta naku manyan?