Baba Fanus Ya Juya Kujera

Baba Fanus bai iya waƙa ba, bai kuma taɓa riƙe abin kiɗa ba. Direban taragon cikin gari ne a Iskandariya har ya yi ritaya. Amma a mashayar Madam Katina, wadda ke wani lungu bayan tashar jiragen ruwa, babu mawaƙin da ke samun wurin zama sai da yardarsa. Shi aikinsa sauraro. In murya ta ratsa shi sai ya bugi tebur ya ce, "Ya salam! Sake!" Mawaƙi ya maimaita baitin, gida ya ɗauka. In ba ta ratsa shi ba, ɓare waken tirmis ɗinsa zai ci gaba da yi yana kurɓar giya, ko da ɗan'uwansa ne ke waƙar.

Da na dawo daga karatu a Kanada, teburinsa na riƙa zama. A can na saba a yi tsit sai waƙa ta ƙare a tafa.

"Dokta, zaman makoki ka zo?" in ji shi. "Mutum na zuba maka ransa, kai kana jira ya gama kamar mai jiran tarago."

A bazarar nan Nargis, tsohuwar mawaƙiyar gidan, ta rasu, yammacin Alhamis da ta saba waƙa ya zama babu mai shi. Sai Sausan ta nema. Ta haura arba'in, tana aiki a kantin magani, kuma a ƙasan benen Baba Fanus take zaune. Ba ta taɓa waƙa gaban jama'a ba.

Madam Katina ta ce mata, "Gwaji ɗaya ne. In Fanus ya ce sake, Alhamis taki ce. In ya yi shiru, ki koma kan magungunanki."

Sausan ta leƙo teburinmu. "Baba, ka dai tuna wa ke hawo maka da maganin hawan jini har sama."

"Ƙafafuna sun tuna, 'yata. Kunnena ne ba ya cin hanci."

Ranar gwajin, rana ba ta gama faɗuwa ba gidan ya cika da masunta, ma'aikatan tasha da 'yan jami'a. Usta Ramzi mai kaɗa ud, garayar Larabawa, ya daidaita tsirkiyoyinsa, Sausan ta fara. Ba ta kuskure ko baiti ɗaya ba. Sai dai idonta na kan Baba Fanus, kuma Nargis take kwaikwayo: muryar can ƙasa, hankici a hannun hagu, har da ɗan dusashewar da tsufa ya kawo wa marigayiyar.

Baba Fanus ya miƙe, ya ɗaga kujerarsa, ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango.

"Haba Fanus, ka ji tsoron Allah!" wani masunci ya faɗa daga baya. Madam Katina ta girgiza kai ta koma goge kofuna.

Sausan ta tsaya. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta yar da hankicin, ta dubi mai kiɗa.

"Ɗaga sama, Usta. Wannan ba muryata ba ce."

Ta sake farawa cikin fushi, da murya siririya mai kaifi, ta bar tsohon da bangonsa ta fuskanci masunta. Da ta kai inda mai waƙar ke tsine wa jirgin da ya tafi da masoyinta, muryar ta ɗan tsage, ba ta ɓoye ba, ta bi ta kai ta wuce.

Tebur ya yi ƙara, wake ya watse har cinyata.

"Ya salam! Sake, ja'ira, sake!"

Baba Fanus bai ma juyo ba tukuna. Ta sake, gida ya ɗauka gaba ɗaya.

Da ta sauko, kai tsaye wurinsa ta zo tana haki. "Ka kunyata ni gaban mutane."

"Nargis da ni aka binne ta, me zan yi da ta biyu? Ni waccan nake jira, wadda ke hana ni barcin rana in tana waƙa wajen shanya."

"To daga yau ka sauko da ƙafarka ka sayi maganinka."

"Sausan!" Madam Katina ta ƙwala mata kira daga bayan kantar mashayar. "Alhamis kafin faɗuwar rana. Ba na son makara."

Baba Fanus ya mayar da kujerarsa daidai, ya miƙa min farantin da babu komai.

"Tashi, Dokta, karɓo wani waken. Wancan ya tafi a bakin aiki."