Harshen Tsoho Tan

Shekara hamsin Tan Shougen ya yi yana turara saiwar magani da ake kira dihuwang a ƙauyensu na gindin dutse. A jiƙa ta da giyar shinkafa, a turara, a shanya a rana, a sake, har sau tara, sai ta koma baƙa wuluk tana danƙo. Lissafin tara ɗin kowa ya iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne sanin ko ta nuna, wannan kuwa aikin harshe ne. A da, kaka na yi za ka ga tabarmin shanyar saiwa jere a kan kowane rufi, masu magani na zuwa daga gari uku a kawo wa Tan ya gutsira. In ya gyaɗa kai, shi ke nan. In ya tofar, sai mutum ya kwashi kayansa, ko ɗan gidan uban waye.

To, bara zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi babu ɗanɗano. Gishiri da zuma duk ɗaya. Bai gaya wa kowa ba, tsoho da girman kai. Matarsa Guilan kaɗai ta gane, ran da ya cinye taliya babu gishiri bai yi mita ba.

Ana nan sai ga 'yarsu Xiuying daga birni, inda take aikin tace sinadaran da ke cikin itatuwan magani. Ta jera ƙananan kwalabe goma sha biyu a tebur, kowace da gutsuren saiwa.

"Baba, na'ura ta ba mu lambobi, amma ba ta san mai kyau ba. Ka ɗanɗana ka zaɓa, mu rubuta. Da zaɓinka za a riƙa auna na kowa."

"Shekara nawa ina cewa ki zo?"

"Aiki ne, Baba."

"Bar shi ya ja aji," in ji Guilan daga murhu. "Tsohon nan ko ruwa aka ba shi sai ya yi masa sharhi." Amma ba ta juyo ba.

Tan ya tauna ta farko. Kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ta biyu ma haka. Ya san zai iya zaɓa da ido, wa zai ƙaryata shi? Sai dai ƙaryar za ta shiga littafi, marasa lafiya su yi ta shan ta bayan ransa. Ya daɗe yana juya ta uku a hannu, kunya da baƙin ciki sun cika shi.

"Kin makara, 'yar nan. Harshen ya riga ni tafiya tun bara."

Xiuying ta ajiye biro. Tukunya na ta huci a kan murhu.

Can Tan ya tura mata kwalaben. "Ke tauna. Kina ƙarama ba ki bar min tabarma ta huta da satar saiwa ba, kina tsammanin ban gani ba. Wacce ce ta yi kama da ta gidan nan?"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A ta bakwai ta tsaya, hawaye na zuba, bakinta baƙi ƙirin.

"Wannan ce, Baba."

"To faɗa min yadda take," ya ce, ya matso da kujerarsa. "A hankali. Na fara mantawa."