Takardar da Na Ƙona a Murhun Ƙosai

Shugaban makarantarmu a unguwar Nima ta birnin Ankara ya dawo daga wani taron bita da sabon yayi a baki: dole mu buɗe wa yara ido su ga duniya. Ko taswira mai kyau ba mu da ita, sai wata tsohuwa da ɓera ya cinye wa Turai. Ni kuwa, da ganin kaina mai wayo, na ce ai duniya tana cikin ajina. Wannan jikan Zabarmawa ne, wancan na Mosi, ga na Kotokoli, ga na Kanawa. Na raba musu takarda na ce kowa ya rubuto ƙasar da kakansa ya fito.

Washegari takardu kaɗan suka dawo. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin kuwa ba ta zo ba. Kwana uku shiru, ga jarrabawar ƙarshe saura wata guda. Hankalina ya tashi.

Na bi lungu har bakin babban kwata, inda kakarta ke suyar ƙosai. Ita ke riƙon yarinyar. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ƙyar.

"Malama, wa ya aiko ki? Gomnati ne?"

"Hajiya, darasi ne kawai."

"Darasi? Haka suka fara da mu. Takarda ne, ina ubanka ya fito. Ina ƙarama aka kori baƙi, da idona na ga babana a bayan lori. Bai dawo ba. Jikana ba zai koma makarantan da ake rubuta mutane ba."

Kunya ta rufe ni. A Mamobi, maƙwabciyar Nima, aka haife ni, na sha jin labarin nan a bakin tsofaffi, amma ɗokin burge shugaba ya sa na manta. Na buɗe jaka na fito da duk takardun, na cusa su a murhunta. Suka ci da wuta a ƙarƙashin kaskon. Ita dai ta ci gaba da juya ƙosanta. Na koma gida ina ganin na kashe wa yarinya karatu da hannuna.

Ran Litinin ina share allo sai ga yarinyar a bakin ƙofa da jakarta, kakar na biye da ita. Wallahi sai da na dafa tebur don daɗi.

Tsohuwar ta tsaya gaban taswirarmu mai rami. "Nuna mini Gawo," in ji ta. Na nuna mata a bakin kogin Kwara, cikin Mali. Ta ɗora yatsa ta daɗe ba ta ɗaga ba. Daga nan ta ba yara labarin fatauci da goro da shanu, da yadda ubanta ya tako daga Gawo har nan Ankara. Ajin da ba ya shiru ko liman ne ya shigo, ranar ko tari babu.

Da ta gama na ɗauki alli don rubuta sunan garin. Ta riƙe hannuna.

"Gawo nawa ne, ki bar shi a baki." Ta nuna jikarta da haɓa. "Wannan ɗan Nima ne. Shi za ki rubuta."

Na rubuta Nima da manyan baƙaƙe, yarinyar ta wuce ta zauna a kujerarta.