Alƙalin da Lurwanu Ya Tsayar

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin Malam Mahadi, mai gyaran keken ɗinki a wani lungu na unguwar Utaibiyya, can ƙasa mai tsarki.

Tun da ya zo Hajji daga Gumel yana saurayi bai koma ba, bai kuma taɓa riƙe iƙama ba. Ka san marar takarda ba ya kai ƙara kotu, don kafin a ji kukansa sai an tambaye shi izinin zama. Shi ya sa mutanen lungun ke zaɓen mai sulhu a tsakaninsu, su kira shi alƙali, abin da ya yanke kuwa ya yanku. A da dattawa ke nuna mutum bayan Juma'a. Yanzu ƙuri'a ake kaɗawa, har da talla.

Mahadi bai nema ba. Alhaji Lurwanu ne ya tsayar da shi, ɗan ƙasa haifaffen unguwar Rusaifa, jikan Hausawa, mai kwangilar abinci a Arfa, mai gidajen da rabin lungun ke ciki. Sai ga hoton Mahadi a kowace waya, an ɗora masa rawanin da bai taɓa naɗawa ba, wani maroƙi na kiransa ma'aunin da ba ya karkata. Farantan kabsa, shinkafa da nama, suka dinga shiga gida-gida. Matar Mahadi, Rabi'atu, ta ce naman nan ya ƙi wuce mata wuya. Ya yi dariya, ya ce ai ba shi ya roƙa ba. Ya kuwa ci zaɓe.

Da farko lafiya lau: rikicin tankin ruwa, faɗan yara. Sannan Nasiha ta kawo ƙara. Bazawara ce mai yi wa Lurwanu girki a Arfa. Ta sha gaya masa murhu ya lalace, har ranar da kaskon mai ya kife mata a hannu. Da ta kasa aiki, sai ya ce ta fita daga ɗakin ma'aikata.

A al'adar lungun, a tabarmar ƙofar masallaci ake zama, mai ƙara da wanda ake ƙara gwiwa da gwiwa. Amma Lurwanu ya aiko cewa rana ta yi wa dattijo zafi, a zo majalisinsa mai sanyi. Mahadi ya ji kunyar ƙin zuwa. Matan da za su ba da shaida suka iso ƙofa, suka tuna a ɗakin wa suke kwana, suka juya.

Lurwanu da kansa ya zuba gahawa.

"Baba Alƙali, gaskiya kawai, kada ka dubi fuskata," in ji shi. "Jiya ma wani abokina na jawazat, masu kamun marasa takarda, yake tambayata su wa ke zaune a lungun nan. Na ce masa duk 'yan'uwana ne."

Nasiha na rakuɓe a gefen kilishi, hannunta naɗe da tsumma. Ba ta ɗaga kai ba.

"Malam, in an kore ni ba ni da inda zan sa haƙarƙarina. Ka faɗi abin da ka gani."

Mahadi ya girgiza ɗan kofinsa, alamar ya ƙoshi, kamar yadda ake yi a ƙasar. Lurwanu ya dube shi, ya yi murmushi, ya ƙara cika masa.

In ya ba ta gaskiyarta, motar jawazat na iya kwashe lungun duka, har da ita. In ya hana ta, a titi za ta kwana. To, kai da kake saurarona, da kofin nan a hannunka yake, me za ka buɗe baki ka ce?