Baba Sale da mai nutso

Jama'a, yau na yi dariya na koma hawaye!

Ƙofar dam ɗin da ke shayar da tumatirinmu ta toshe. Muka ɗauko mai nutso daga birni, da tukunyar iska a bayansa. Baba Sale masunci ya kai mu a kwalekwale.

Mai nutson ya zauna a gefen kwalekwalen, sai ya wuntsila ruwa ta baya. Ashe haka suke shiga! Caraf Baba ya cafke ƙafarsa! Saura kaɗan mu kife!

Na ce, "Baba, sake shi, aikinsa ne!"

Mai nutson ya hawo yana masifa. Baba ya ce, "Yi haƙuri, yaro. Haka ɗana ya faɗa ruwa, ba wanda ya riƙe shi."

Da mai nutson zai koma ruwa, a hankali ya sauka, riƙe da hannun Baba.