Ranar da Na Jera Kifaye Sahu

Ni mutum ne mai son tsari. A ɗakinmu na unguwar Al-Suwaidi a birnin Riyad, inda mu direbobi 'yan gida muke zaune, ni ne babba, kuma dokata sananniya ce: takalma a jere bakin ƙofa, butoci a bayan takalma. Ban taɓa shan abin da ke juya kai ba, kuma kullum sai na tuna wa samarin ɗakin haka. Shi ya sa suke jin maganata.

Kafil ɗina, wato maigidan da nake wa tuƙi, yana son nutso a teku. Ƙa'idar abin, mutum ba ya nutso shi kaɗai, sai ya biya aka koya mini, da farko a wurin ninkaya a nan Riyad, daga baya a Bahar Maliya. Mai koyar da mu ya yi gargaɗi cewa idan aka kai wajen mita talatin, iskar da ake shaƙa daga tulun da aka goya tana iya bugar da mutum kamar mashayi. Maganin abin a ɗan hau sama a hankali, alamar hawa kuma ɗaga babban yatsa. Na ce masa wannan sai dai masu raunin kai.

Ranar da muka je wannan zurfin, abin da na iya tunawa, mun sauka, na ji wani daɗi ya rufe ni.

Da muka dawo Riyad, kafil ya turo mini bidiyon da aka ɗauka na nutson. Ban duba ba, na tara samarin, na zaunar da su manya a gaba, na ce su kalli yadda natsattse ke aiki. Sai ga ni a ƙarƙashin ruwa ina kora kifaye da hannu ina so su yi sahu. Wani ya fita daga layi, na bi shi ina nuna masa yatsa. Mai koyarwa yana ta ɗaga mini babban yatsa, ni kuwa na sara masa kamar soja. Sai da ya riƙo ni muka ɗan hau sannan na natsu.

Washegari na kai maganar wurin wani malami a unguwar Al-Oud. Da ya gama dariya ya ce babu laifi tunda ba sha na yi ba, amma kada in koma neman abin. Ban sake kai wannan zurfin ba.

Takalma har yau a jere suke. Sai dai da na ɗaga murya a kan butoci, wani zai ɗaga babban yatsa ya ce, “Baba, ɗan hau sama, zai sake ka.”

Butocin na haƙura da su.